Wa ya taɓa dasa bishiyar mimosa a Kano? Inuwa nake nema wa Hajiyarmu

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar bishiya. A gidanmu na Ɗorayi akwai wata tsohuwar cediya a tsakar gida, tun ina yarinya na buɗe ido na gan ta. Bara aka sare ta saboda saiwarta ta fasa sokawe, ta fara tsaga bangon ɗakin baƙi. Tun daga ranar Hajiyarmu ba ta ƙara zama a tsakar gida da rana ba. A gindinta take shimfiɗa tabarma ta tsince shinkafa, a nan take lazimi bayan la'asar, a nan maƙwabta ke shigowa a taɓa hira. Bana da zafin Afrilu ya kankama a ɗaki take wuni, kwano ya ɗau zafi, wuta babu. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Ƙanina da ke karatu a Turkiyya ya turo min hoton wata bishiya da ya gani a bakin titi a Istanbul. Rassanta sun baje kamar lema, ganyen siriri, furen ruwan hoda kamar an tsefe zaren siliki. Ya ce ya nuna wa waya hoton ta ce masa sunanta mimosa, kuma zai iya taho min da irinta idan ya zo hutu. Tambayata: za ta rayu a Kano? Shekara nawa kafin ta yi inuwar zama? Saiwarta fa, ba za ta maimaita mana abin da cediya ta yi ba? Tsakanin bangon ɗaki da katanga kamar mita 6 ne.

Ɗan_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Anti ki dasa darbejiya ki huta. Shekara uku kin samu inuwa, ba ruwanta da zafi, ba ruwanta da akuya.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙanina. Na kawo mata maganar darbejiya, ta ce ita ba ta son ɓarin 'ya'yanta da kashin jemagu a kan tabarma. Ni kuma gaskiya furen nan ne ya shiga raina.

Malamin_Gandu:
Hajiya, bari mu fara warware sunan, don nan ne mutane ke ruɗewa. Abubuwa uku aƙalla ake kira mimosa. Akwai ƙaramar ciyawar nan da in ka taɓa ganyenta take naɗewa, ita ce ainihin mai sunan a wajen masana. Akwai wata mai fure rawaya da asalinta daga Ostareliya take, Turawan Faransa da Italiya ita suke nufi in sun ce mimosa, har ma Turkawa. Sai ta uku, wadda ke cikin hotonki. Sunanta na kimiyya Albizia julibrissin, Amurkawa ne suka fi kiranta mimosa. Ƙaninki in zai nema a can ya ce gülibrişim, in ya ce mimoza mai rawaya za a nuna masa.

Sunan daga Farisanci ne, gul-i abrisham, wato furen siliki, kin ga idonki bai yi kuskure ba. Asalinta daga Iran ne ya miƙa gabas har Sin da Koriya da Japan. Wani ɗan birnin Fulorans na Italiya, Filippo degli Albizzi, shi ya ɗauko ta daga Istanbul ɗin nan ya kai ƙasarsa a 1749, shi ya sa aka sa wa dangin sunansa. Tsayinta kan kai mita 5 zuwa 12, kuma tana da saurin girma. 'Yar gidan su ɗorawa ce da bagaruwa da gawo, duk dangin wake ne, saiwar da yawansu na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ki dubi furen ɗorawa da ke reto kamar tuntu, ki dubi nata, za ki ga kamar.

Inda damuwata take shi ne, duk ƙasashen nan da na lissafa suna da sanyi na gaske. Bishiyar ta saba ta zubar da ganye ta yi barci watanni, sannan ta farka cikin yanayi mai laushi da danshi. Mu kuma bayan hunturu abin da ke biyo baya shi ne Maris da Afrilu, ma'auni ya haura 40, iska a bushe, ruwa sai ƙarshen Mayu ko Yuni. "Ƙasa mai ɗumi" da ake rubutawa a jikin fakitin iri, kudancin Amurka da bakin Bahar Rum ake nufi. Kano wani abu ce daban.

Bakano_a_Jojiya:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni a kusa da Atlanta nake, nan ko'ina ita ce, bakin babbar hanya, bayan gidaje, gefen rafi. Tun ƙarni na 18 aka shigo da ita don ado, yanzu ta zama alaƙaƙai, hukumomin gandun daji na jihohin kudu maso gabas sun sa ta cikin baƙin tsirrai masu mamaye daji. A Yuni da Yuli in ta yi fure, wallahi sai ka tsaya kallo, ga ƙamshi. Amma furen in ya faɗo kan mota ya sha raɓa, manne wa yake yi. Bayansa kwanson 'ya'ya, bayansa kuma tsiro a duk lungun gida. Reshenta ba ƙarfi, iska kaɗan ya karye. Ba ta kuma daɗewa, akwai wata cutar saiwa da ke kama ta, ganye ya yi rawaya ya yanƙwane, cikin ɗan lokaci ta bushe. Ta maƙwabcina haka ta tafi ina kallo. Da wuya ka ga wadda ta wuce shekara 20 da lafiyarta.

'YarFagge:
Ikon Allah. Abin da wani ke neman kai da shi, wani ke nema da kuɗinsa.

Baban_Khalifa:
Ni na gwada, a nan Kano, a Hotoro, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Wani abokina ya kawo min iri daga Sin shekara uku da suka wuce. Ƙwayar tana da tauri kamar kalwa, in ka binne ta haka sai ta yi wata ba ta motsa ba. Na tafasa ruwa na sauke, na bari ya ɗan huce, na zuba su suka kwana. Waɗanda suka kumbura na shuka a ledar fiya wata, ƙasa da yashi da ɗan taki. Cikin guda goma, shida suka fito a mako ɗaya da 'yan kwanaki. Da damina ta zauna na dasa uku a gida, uku na bayar.

Daminar farko sai ka rantse ka gama sa'a. Kafin Oktoba sun kai min ƙugu. Abin da ya fi burge yarana shi ne da magariba ganyen ke rufewa, kowane ƙaramin ganye ya haɗe da ɗan uwansa kamar an haɗa tafin hannu, reshen ya ɗan sunkuya. Da asuba in na dawo daga masallaci suna nan a rufe, hantsi na yi sun buɗe. Ƙaramar 'yata kullum sai ta je ta tsuguna ta ce bishiya ta yi barci.

Hunturu na shigowa ganye ya zube tas. Na ce to, al'adarta ce. Wajen ƙarshen Fabrairu suka fara toho, sai zafi ya same su da ɗanyen ganye, bakinsa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa duk da ina ba su ruwa safe da yamma. Ɗaya gara ta cinye ta daga ƙasa, ranar da na taɓa ta sai ta biyo hannuna, ciki duk ƙasa. Ta biyu ba ta farfaɗo ba a bazarar da ta biyo. Ɗaya ce ta rage, wadda ke gabas da katanga inda ranar yamma ba ta dukanta. Yanzu ta fi ni tsayi, amma fure ko ɗaya ban gani ba tukuna, kuma a watannin da nake matuƙar buƙatar inuwa ita ma neman inuwar take.

Ummu_Hanan:
Baban Khalifa Allah ya saka da alheri, irin wannan bayanin nake nema. Gani ya kori ji. Amma jikina ya yi sanyi.

Baban_Khalifa:
Kar ki karaya Hajiya, gwajin mutum ɗaya ne. Wataƙila na yi kuskure a wani wuri. Shekara uku kuma ba ta isa a yanke wa bishiya hukunci ba.

Sadiq_Kurna:
Ku yi hattara da masu sayar da fulawa na bakin titi. Na nuna wa wani irin wannan hoton, ya ce akwai, ya ɗauko min dashe mai siririn ganye sak na hoton. Na biya kuɗi mai kauri, na yi mata keji, na yi shekara ina sayen ruwa wajen 'yan garuwa saboda ita. Da ta tashi fure sai ga ƙananan ƙwallaye farare, bayansu kwanso jingim, tsiro ya cika min gida. Wani malamin gona ya zo ya ce wannan leucaena ce, abincin dabbobi ake shuka ta dominsa. Na koma wajen mutumin ya ce shi ma haka aka sayar masa. Har yau abin na yi min ciwo, ba kuɗin ba, shekarar da na ɓata.

Mai_Fulawa_Nassarawa:
Malam Sadiq ka yi haƙuri, abin da aka yi maka ba daidai ba ne. Amma ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Shekarata 14 a sana'ar nan. Dangin nan gaba ɗaya suna ƙanana ganyensu kusan iri ɗaya ne, sai wanda ya tara irin da hannunsa ne zai iya rantsuwa. Mai gaskiya zai ce maka ga uwar da na ɗebo, je ka gani. Ni dai ban taɓa riƙe wannan ta hoton ba, kuma duk wanda ya zo da hotonta haka nake gaya masa.

Hajiya, ko wacce kika zaɓa, dashen ne rabin aikin. Kar ki dasa da ruwan farko, ki bari damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai kamu biyu zurfi, kamu biyu faɗi. In gidan an taɓa cike shi da ɓaraguzan gini a kwashe su. Taki ya zama wanda ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin shanu shi ke kiran gara kuma yana ƙona saiwa. A yaga ledar a cire, kar a binne da ita, kuma kar a nutsar da wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. A yi mata ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya. Rani na farko da na biyu bokiti guda duk bayan kwana biyu ya fi ɗan yayyafi kullum, don saiwa ta bi ruwa ƙasa. Wani abu kuma, kututturen cediyar da kuka sare in yana nan a ƙasa, gidan gara ne. A tone shi kafin a sa komai.

Ummu_Hanan:
Kututturen yana nan kuwa, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na gode Malam.

Kaka_Mai_Tasbaha:
Jikata ce ke rubuta min. Ciyawar da Malamin Gandu ya ce tana naɗewa ta tuna min ƙuruciya. A garinmu akwai wata ƙaya a bakin kogi, ƙardaji muke ce mata, ita ma in ka taɓa ganyen sai ya rufe a hankali. In mun je wanki mukan yi ta taɓawa har a yi mana faɗa.

Malamin_Gandu:
Allah ya ƙara lafiya Kaka. Ƙardaji kuwa ainihin mimosa ce a wajen masana, Mimosa pigra. Kin ga ashe kun riga mu saninta.

Abba_Yakasai:
Ni abin da ke damuna, me ya sa kullum sai ta waje? Ku dubi sunayen unguwanninmu: Kurna, Giginyu, Gawuna, Durumin Iya, Rimin Kira, Cediyar 'Yangurasa, Kasuwar Rimi. Garin nan da bishiya aka san wurarensa. Yau yaro zai tashi a Kurna bai taɓa tsintar magaryar kurna ba. Layinmu akwai maɗatai manya guda huɗu, aka zo aikin kwata aka kwantar da su rana ɗaya, ba a dasa ko ɗaya a madadinsu ba. Masu kayan miya da ke zama a ƙarƙashi yanzu buhu suke ɗaurawa a kan sanda.

Ɗan_Gwammaja:
Yaya Abba, darbejiyar da na ce ai ta gida ce.

Malamin_Gandu:
Ta zama ta gida dai. Asalinta daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta bazu. Mangwaro ma daga can ya zo. Don haka baƙunta ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne ko inda bishiya ta fito ya yi kama da nan. Indiya na da dogon rani mai zafi irin namu, shi ya sa 'ya'yanta ke jin daɗin Kano.

Wannan ya kawo ni ga abin da zan ba Hajiya shawara. Mimosar hoton tana da 'yar uwa daga Indiya, Albizia lebbeck. Da yawanku kun san ta ba ku san sunanta ba: ita ce mai dogayen kwanso masu faɗi ruwan ƙasa-ƙasa da ke kaɗawa suna ƙara in iskar hunturu ta taso, ana ganinta a tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati. Furenta tsefaffen siliki ne shi ma, sai dai fari ne mai ratsin kore da rawaya, da yamma ƙamshinsa na cika wuri. Tana jure fari sosai. Muna kuma da tamu ta daji, katsari, ita ma Albizia ce, furenta na da ƙamshi.

Hauwa_Zoo_Road:
Malam da girmamawa, ban yarda da wannan ba. Akwai irinta a makarantar da nake koyarwa. Tun Disamba take tsirara, ba komai sai kwanso suna ta surutu, ganye ba ya dawowa sosai sai zafi ya yi nisa. Ga girma, ta fi ƙarfin mita 6. Hajiyarsu inuwar bazara take nema. Haka mai jan furen nan ta Madagaska da ake ce wa filamboyan, a Afrilu da Mayu ta yi ja kamar wuta, kowa na ɗaukar hoto, amma ka tsaya a gindinta rana na dukanka. Ni a ganina tambayar farko da za a yi wa kowace bishiya a garin nan ita ce: a watan Maris kina da ganye ko babu?

Malamin_Gandu:
Malama Hauwa kin kama ni a nan, maganar girma gaskiya ce, ta fi dacewa da ƙofar gida ko fili. Zubar ganyen kuma yana raguwa in tana samun ruwa, amma ba ya dainawa.

Manomi_Bichi:
In dai ganye a bazara ne, gawo ya fi kowa. Shi da damina yake zubar da ganye, rani na shiga ya yi kore shar. Shi ya sa muke barinsa a gona, gero na yi a ƙarƙashinsa, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa.

'YarFagge:
Baba gawo a tsakar gidan birni? Inuwar bagaruwa ke nan, ga sanyi ga ƙaya. Jikoki na yawo ba takalmi.

Injiniya_Magini:
Ba wanda ya amsa maganar saiwa sosai. Cediya da durumi da gamji duk halinsu ɗaya, saiwarsu na bin danshi duk inda yake, sokawe kuwa shi ne wurin da ya fi ko'ina danshi a gida. Mimosa ba ta kai su ɓarna ba, amma saiwarta a sama-sama take yawo, tana iya ɗaga intalok ko daɓen siminti. A fili mai mita 6, in kin sa a tsakiya kin bar mita 3 kowane gefe, wannan na ƙaramar bishiya ne ko matsakaiciya da ake yi wa aski. Ki nisanta ta da sokawe da bututun ruwa gwargwadon iko, kuma kar a shafe gindinta da siminti, a bar mata fili ta sha ruwa. Yawancin bangon da nake gyarawa, bishiyar an matse ta ne ta rasa ruwa ta tafi nema.

Maman_Amira:
Ni mangwaro mai aure na sa, shekara biyar ke nan. Bai yi tsayi can ba, ganye shekara duka, ga 'ya'ya. A ƙarƙashinsa muke shan ruwa da azumi. Ba shi da furen hoto amma inuwarsa mai duhu ce. Kuma kafin ko wace bishiya ta girma, ku kafa wa Hajiya rumfar zana mana. Kwana ɗaya an gama, ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba. Tsohuwa ba za ta jira shekara huɗu a ɗaki ba.

Ummu_Hanan:
Maman Amira kin taɓa min zuciya. Ina ta hangen shekaru na manta da gobe. Insha Allah wannan makon za a kafa rumfar.

Bakano_a_Jojiya:
Ƙarin tunatarwa kan irin da ƙaninki zai taho da shi. Shigo da iri ko dashe daga waje yana buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, suna da jami'ai a filin jirgi. Ya bincika kafin ya sa a jaka.

Ummu_Hanan:
Jiya da daddare na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta, ta yi ta sa muku albarka. Na nuna mata hoton kuma. Ta daɗe tana kallo, ta ce kyakkyawa ce, sannan ta tambaye ni ko tsuntsaye na sauka a kanta, don abin da ta fi kewa a cediyar nan shi ne hayaniyarsu da asuba lokacin da 'ya'ya suka nuna. Ban san amsar ba. Ta ce in son samu ne a sa mata mangwaron a tsakiya, ni kuma in gwada mai furen a lungun gabas tunda raina na so.

Hauwa_Zoo_Road:
Biyu a mita 6 sun yi yawa Anti. Mangwaro zai rufe ta nan da 'yan shekaru.

Baban_Khalifa:
Ni kuwa ina ganin hakan zai taimake ta, tawa da ta rayu ai wadda ta samu kariya daga ranar yamma ce. Kan tsuntsaye, ƙudan zuma da malam buɗe littafi aka fi sanin furenta da jawowa, 'ya'yanta busasshen kwanso ne, ba abin da tsuntsu zai ci kamar na cediya. Hajiya in kina so, ba sai an jira na Turkiyya ba, akwai sauran iri guda bakwai a wajena cikin kwalba. Ƙwayar na daɗewa ba ta mutu ba.

Sadiq_Kurna:
Baban Khalifa in ta ɗauki huɗu a ajiye min uku. Wannan karon ina so in ga ƙwayar da idona kafin ta shiga ƙasa.

Mai_Fulawa_Nassarawa:
Ku jiƙa su a watan Afrilu ku raine su a leda a inuwa, kafin Yuli sun isa dashe. Hajiya a fara tone kututturen nan tun yanzu, ramin ya sha rana.